Ƙiraga Tara da Na Rubuta Ashirin

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Istifanus. Yawancinku kun san ni da aikin ɗakin gwaje-gwaje a wani kamfanin fatu a Bompai. Kaɗan ne suka san dā ni malamin jami'a ne, kuma ba kowa ya san abin da ya raba ni da can ba. Shi na tashi in faɗa yau.

A ƙarshen shekarun saba'in na dawo daga karatu a ƙasar waje da digirin dakta. Abin da na karanta shi ne yadda jiki ke tsufa. A cikin fatarmu da jijiyoyinmu da guringuntsi akwai wasu zaruruwa ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, su ne ke riƙe da jiki. Ƙwayoyin halitta ne ke saƙa su. Idan shekaru suka ja, zaren yakan ƙage ya yi tauri, shi ya sa fatar tsoho ke yamutsewa, gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa. Ina da wani tunani nawa game da yadda taurin ke farawa, kuma na ƙwallafa rai sai duniya ta yarda da ni.

A irin aikinmu, da takardun da ka buga a mujallun masana ake sanin ka. Ina da shida. Kowace safiya sai na ɗauko jerin sunayensu na karanta kafin in buɗe Littafi Mai Tsarki. Daga baya ma Littafin na daina buɗewa. Wanda muka yi karatu tare ya riga ni samun ƙarin girma, abin ya tsaya mini a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Fatar mutum tana da wuyar samu, don haka da ƙirgin shanu nake aiki. A wani kamfanin jima a Challawa na haɗu da Malam Sule, dattijo ɗan Kumbotso, mai tantance ƙiraga. Shi ya shirya mini da mahauta su riƙa duba haƙoran sa kafin yanka, don a san shekarunsa. Ƙirgin ƙananan bijimai ba ya wuya. Na tsofaffin shanu ne, ɗanye wanda gishiri bai taɓa ba, ya zama aiki. Shekara guda cur, tara kaɗai Malam Sule ya iya ware mini.

Na gwada taran nan. Biyar suka nuna abin da nake so, huɗu suka ƙi.

Wata rana da hantsi na kulle ƙofar ofis. Na soke huɗun nan, na ƙirƙiro wasu shanu da ba a taɓa haifa ba, na ba kowacce lambarta, har suka cika ashirin. Ban yi minti goma sha biyar ina yi ba. Na ce wa kaina ai gaskiyar ke nan, ƙiragan ne kawai ba su isa ba.

Aka buga takardar. Wasiƙun yabo suka fara zuwa daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba. A ƙarshenta na sa layi ɗaya na godiya ga Malam Sule, sai na ga ya kamata in kai masa ya gani.

Na same shi a rumfar ƙiraga, hannunsa duk gishiri. Ya wanke, ya goge a jikin rigarsa sau biyu kafin ya karɓa. Ba ya karatun boko, sai na nuna masa inda sunansa yake. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Dakta, karanta mini da Hausa in ji abin da muka gano," in ji shi.

Na fara fassara masa. Bakina ya riga hankalina, na ce ƙiragan tsofaffin shanu ashirin.

Ya ɗago kai. "Ashirin? Ai tara na ware maka. Ko sauran a wani wuri ka samo?"

Na ce, "E, Malam, a Sharada na samo."

"To, madalla. Allah ya ƙara basira. Ni dai na san ka da ƙoƙari."

Ko alamar shakka babu a fuskarsa. Da zargina ya yi, da na sami abin da zan yi faɗa da shi. Yarda ya yi da ni, ya kira abokan aikinsa yana nuna musu sunansa.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na zauna a ofis sai in ji kamar kujerar na cizona. Sai in shiga mota ba tare da na san inda za ni ba. Daga Hotoro inda muke zaune in bi Bompai, in kutsa cikin manyan motoci, in ratsa gari in faɗa Sharada, in kewaya kamfanonin da na ce na samo ƙiraga a cikinsu alhali ban taɓa shiga ba, sannan in juyo. A sujada ba na kai ƙarshen wa'azi, sai in fita in tsaya bakin ƙofa. Cikina ya fara zafi kamar an zuba garwashi, likita ya ce gyambon ciki ne. Na rame har wandona ya daina zama.

Matata Rifkatu ta tare ni wata rana ina neman makullin mota. "Baban Ladi, me kake gudu?"

Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ta ce, "Na san ka da aiki tun kafin mu yi aure. Wannan ba aiki ba ne. Ina yi maka addu'a, amma ban san abin da zan roƙa ba."

Na ɗauki makullin na fice.

Akwai wata ɗalibata, Hannatu, matar aure mai 'ya'ya uku, tana digiri na biyu. A kan takardata ta ɗora nata binciken. Wata goma sha huɗu tana maimaita gwajin, sakamakonta ya ƙi zama irin nawa. Ni kuwa sai in ce ta sake, wai hannunta ne bai ƙware ba. Ina kallonta tana wanke kwalabe tana farawa daga farko, na san ba za ta taɓa samu ba.

Ranar wata Laraba ta shigo da takarda a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na zo in ajiye karatun. Na gane kaina ba zai ɗauka ba. Ku yafe mini ɓata muku lokaci da na yi."

'Yan'uwa, ni take roƙo in yafe mata!

Ban karɓi takardar ba. Na wuce ta na shiga mota. Ban farga ba sai ga ni a hanyar Challawa, wajen azahar, ma'aikata suna fitowa daga kamfanoni ana canjin aiki. Na tsaya a gefen titi na kashe mota. Mutane suna wucewa ta ko'ina, wasu na alwala a bakin kwata. Na kifa kai a kan sitiyari. Shekara biyu rabona da addu'a ta gaskiya. Na ce, "Yesu, na yi ƙarya. Na ƙirƙiro abin da babu, na zalunci baiwarka. Na gaji. Ba ni da ƙarfin faɗar gaskiya, ka ba ni."

Ban ga wani haske ba, ban ji murya ba. Amma na zauna a motar nan fiye da awa guda ban motsa ba, ni da minti biyar ke gagara. Da na ɗago na san abin da zan yi, kuma na san da wa zan fara.

Na ƙarasa kamfanin jimar, na jira Malam Sule ya idar da salla. Na ce, "Malam, na yi muku ƙarya. Ban samo komai a Sharada ba. Taran nan ne kaɗai, sauran da biro na yi su."

Ya murza carbinsa. Can ya ce, "Kuma sunana na ciki."

"Yana ciki, Malam."

"To, ka je ka gyara. Ni shekara talatin ban taɓa sa ƙirgi mai huji cikin masu kyau ba. Ka cire sunana daga ƙarya, in ka yi ta gaskiya ka mayar." Har na juya ya ƙara da cewa, "Da ka yi shiru, da har in mutu ban sani ba. Allah ya yafe mana."

Daga nan gida na nufa na faɗa wa Rifkatu. Ta yi kuka, sannan ta ɗauko mini takarda da biro. Na rubuta wa mujallar su janye takardata, na rubuta wa shugaban sashenmu. Washegari na kira Hannatu na gaya mata sakamakonta ne daidai, nawa ne ƙarya. Ta tashi ta fita. Sai bayan wata uku ta sake gaishe ni, kuma ban ga laifinta ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. An kafa kwamiti, ƙarin girman da nake nema ya tafi, daga baya aikin ma ya tafi. Waɗanda muke cin abinci tare suka koma kawar da kai in mun haɗu. Na yi kusan shekara a gida kafin in sami aikin Bompai, inda nake gwada ruwan jima. Amma ciwon cikina ya lafa a hankali har ya warke. Hannatu ta gama karatunta a hannun wani malami, ta buga abin da ta gano da sunanta. Da takardar ta fito ta aiko mini da kwafi ɗaya. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, aiki ne mai kyau, ya fi duk wanda na taɓa yi.

Ina yi wa Ubangiji godiya da bai bar ni na ji daɗin ƙaryata ba. Da ya bar ni, da yau wataƙila ana kirana farfesa, wata baiwar Allah kuma tana gida tana ganin kanta daƙiƙiya.

In akwai wani a nan da ke ɗauke da abin da ya ɓoye, kana zaune amma ranka na ta kai-kawo, na san wannan gajiyar. Ka faɗa wa Yesu, sannan ka tashi ka je wurin wanda ka cuta. Za ka yi hasarar wasu abubuwa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka dogara gare shi, ba zai bar ka kai kaɗai a bakin ƙofar wanda ka cuta ba.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.