Jan Zaren Nicholas Masaƙi

Mai girma Mai Unguwar Makera, ranka ya daɗe. Baba Rabaran, mun gode da addu'ar da ka buɗe mana taro da ita. Malam Liman, maƙwabcin arziki, sannu da zuwa. Baba Cyril, dattijon makanikan Kakuri, na gaishe ka. Mama Eunice, matar marigayi, da 'yarmu Vicky, Allah ya ƙara haƙuri. 'Yan'uwana matuƙa keke na Makera da Barnawa da Trikania, da sauran jama'a, sannunku da rana.

Ni ne Benjamin, shugaban matuƙa keke mai ƙafa uku na wannan yanki. An ce in yi magana ta minti biyar. Ku yafe mini, ba za ta yiwu ba. Yau shekara guda da muka binne Nicholas, kuma wannan hannun nawa da kuke gani shi ya sa hannu a takardar da ta rufe masa shago. Ban zo yabo kawai ba. Na zo ne in wanke sunan mutumin da muka ɓata.

Ya kasance masaƙi tun kafin wasunku su zo duniya. Shekara goma sha tara yana tsaye gaban inji a masaƙa nan Kakuri. Da aka rufe masaƙa kowa ya kama gabansa, wasu acaɓa, wasu gadi, wasu suka koma ƙauye. Shi kuwa ya ce hannunsa bai san komai ba sai zare, kuma a kan zare zai mutu.

Ya kasance mai shegen karance-karance. Wata rana ya tare ni a bakin titi da wata takarda duk ta yamutse, ya ce, "Ciyaman, ka san lilin ɗin nan da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki? Turawa suna shimfiɗa zarensa, su zuba masa ruwan gam da ake kira rezin, ya daskare ya zama allo, har jikin mota suke yi da shi." Na ce to, sai ka tafi Turai. Ya ce, "Wace Turai? Ba mu da lilin, amma muna da rama." Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, Nicholas, ramar da muke ci da ƙuli-ƙuli? Ya ce, "Kai ci ganyen, ka bar mini ɓawon."

Bayan shekara biyu rabin kekunan Makera allonsa ne a ƙarƙashin kujerar fasinja. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, ba ya sa ƙaiƙayi irin na faiba, allon nan na zaren gilashi. Mu da muka yi masa dariya mu ne muka riƙa bin layi a ƙofar shagonsa.

Ya kasance mai taurin kai, wannan kam Mama Eunice za ta ba da shaida. Rama tana shan ruwa, in aka rufe ta cikin gam da sauran danshi, daga ciki za ta ruɓe, waje kuwa sumul. Saboda haka sai ya jiƙa ta, ya wanke da ruwan soda, ya shanya kwana da kwanaki. Sannan ya ɗauki ɗan zare ya murza kusa da kunnensa. In bai ji ƙaras-ƙaras ba, ba zai yi aiki ba, ko uban waye ke jira. Da damina sai ka yi sati uku kana zarya. Ni kaina na taɓa zaginsa a kan haka. Ya ce, "Ciyaman, zage ni da kyau. Uwar wani ce za ta zauna a kai."

To, ku saurara, ga inda muka ci amanarsa.

Wancan watan Agusta, allon kujera ya karye a keken Emma, ɗan'uwanmu matuƙi, a hanyar Barnawa. Madam Judith, malamar makaranta, ta faɗa ƙasa keke na tafiya, ƙugunta ya karye. Ga ta can zaune da sanda, har yau. Aka kawo allon ofishinmu, muka juya shi, muka ga hatimin Nicholas ɓaro-ɓaro. Ku kun san mu. Mu mutane ne masu sayen kaya da kallon hatimi. Taya, batir, fulogi, in mun ga tambari shi ke nan magana ta ƙare.

Muka kira taro. Nicholas ya zo, ya ɗaga allon, ya shinshina, ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Ku kawo zarto ku yanka." Aka yi masa ihu. Sai Tony ya miƙe, Tony da suka yi shekara biyu suna aiki tare kafin ya ware ya buɗe nasa shagon a Trikania. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Na sha gaya masa ramar nan ba ta da ƙarfi, shi ya sa na bar shi." Nicholas ya sake cewa, "Ku yanka kawai." Ni kuma, ni Benjamin, na ce masa ba mu zo kallon dabo ba. Na ɗauki biro na sa hannu: daga ranar babu keken da zai ƙara sa allonsa.

Wata takwas ya yi yana buɗe shago da safe yana sharewa, ba mai shiga. Mutanen da ya yi wa aiki suna ganinsa su tsallaka titi. Yara suna kiran Vicky 'yar mai karya mutane. Hawan jini ya kayar da shi a bakin igiyar shanya. Likita ya faɗi sunan ciwon, amma mu mun san abin da ya kashe shi.

Watan jiya Mama Eunice ta shigo ofishina da zarto a cikin jakar cefane. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Ciyaman, allon yana nan?" Na ce yana bayan kabad. Ta ce, "Mijina masaƙi ne. A masaƙa kowane yadi da zaren shaida a gefensa. Bai taɓa zuba gam ba sai ya ja jan zare guda a tsakiyar ramar, daga wannan baki zuwa wancan. Bai faɗa wa kowa ba don kada a kwaikwaya. Yanka."

Na yanka allon keken kaina tukuna, wanda na san daga hannunsa na karɓa. Ga jan zare, ramar fara tas kamar jiya aka sa. Na yanka wanda ya karye. Babu zare. Cikinsa baƙi ƙirin, yana warin tsohon buhu. Wallahi, jama'a, zama na yi a ƙasa.

Na wuce gidan Emma kai tsaye. Bai ma bari na zauna ba ya fashe da kuka. Ashe ya gaji da jiran shanyar Nicholas, sai ya je wajen Tony, wanda ya yi masa allo cikin kwana biyu da ɗanyar rama, ya buga hatimin da ya sassaƙa irin na Nicholas. Emma, tashi a gan ka. Ka yi shiru lokacin da shirunka ya kashe mutum, amma ka yarda za ka maimaita a gaban alƙali. Zauna.

Yanzu matasa, ku ji ni da kyau. Na ga idanunku. Kada wanda ya kusanci shagon Tony da ashana ko dutse. Ba tausayinsa nake ji ba, ko kaɗan. So nake ya zauna lafiya lau, da ransa da idonsa, ya buɗe shago da safe ya share, ya jira. Daga gobe babu keken Makera, ko na Barnawa, ko na Trikania da zai tsaya a ƙofarsa, ko tambayar hanya ce. Allunan nan biyu za mu ɗaure su a bayan kekena, in zaga da su tasha-tasha. Wata takwas ya sa Nicholas ya yi. Shi ban yanka masa wa'adi ba.

Vicky, 'yata, ban cancanci in roƙe ki komai ba. Amma na yaga takardar nan da hannuna. Kin iya aikin, mun sha ganinki kina murza zare a kunne kamar babanki. Ki buɗe shagon. In kin ce sati uku, sati uku za mu jira, mai gaggawa ya taka da ƙafa. Mama Eunice, ba na cewa ki yafe. Wannan tsakaninki da Allah ne, kuma ba na gaggauta ki.

Saura abu ɗaya. Da safen nan na tambayi wanda ya kawo wannan rumfa da kujerun nan. Aka ce wani bawan Allah ne da ba ya so a faɗi sunansa. Na bi direban motar da ta kawo su na tambaya. Tony ne. Yana so ya saya wa kansa inuwa a taron mutumin da ya binne da rai.

Ranka ya daɗe, Baba Rabaran, Malam Liman, ku gafarce ni. Ku tashi, jama'a. Ku tashi daga kujerun nan. Matasa, ku kwance rumfar, ku naɗe, ku mayar masa yadda ta zo. A kawo wa Madam Judith benci daga coci. Baba Cyril, kai ma a kawo maka. Ya ce a'a, zai tsaya.

Na gode da kuka zo, na gode da kuka jure ni. Ya Allah, ka ba bawanka Nicholas hutun da muka hana shi. Ka ƙarfafa hannun 'yarsa. Ka gafarta mana, mu da muka ƙi ɗaukar zarto. Wanda kuwa ya buga hatimin ƙarya, ya Ubangiji, ka ba shi tsawon rai, ya ga komai.

Amin. Baba Rabaran, bismillah, a rana za mu ƙarasa.