Miyar Mai Jego a Motar Haya

"Jirgi ya kawo ni kamar walƙiya, ga miya za ta huce a cikin mota," in ji Na Fenglian.

Tana zaune a motar haya a bakin tashar jirgin ƙasa mai gudu ta garin Wuzhong, rungume da tukunyar miyar kaza da za ta kai wa 'yarta mai jego. Direba yana waje yana ta kiran saura mutum biyu.

Dattijon da ke gefenta ya ce, "Haƙuri za ki yi, baiwar Allah. Jiya ma sai bayan la'asar muka cika."

"Jiya? Kai kullum a hanya kake?"

"Ina fa. Direban nan surukina ne. Zama kawai nake don a ga mota ta kusa cika. Da an samu mutum sai in sauka."

"Inna lillahi. Wato saura mutum uku ke nan."

"Huɗu. Ta gaban nan matata ce."

Fenglian ta taɓa tukunyar, ta ji ɗumin ya ragu sosai.

"To Baba, tunda zama ne sana'arka, buɗe rigar sanyin nan ka rungume min tukunyar. Sannan don Allah ara min matarka mu je kiran fasinja."