Tiyon Birkin Motar Mahaifinta

A shagon kayan gyaran mota, wata mata ta ajiye tiyon birki a kan kanta, robarsa duk ta tsattsage. Tsoho mai shagon ya ɗauka yana jujjuyawa.

"'Yata, wannan ai ya girme ki. Tun ba ki yi haƙori ba aka daina yayin irinsa."

"Shago na bakwai ke nan, Baba. Kowa sai ya ce in naɗe shi da roba."

"Kada ki soma! Birki ba a yi masa faci. Ku sayar da motar mana ku huta."

"Ta mahaifina ce. Yanzu ko sunana ba ya riƙewa, amma da an tayar da ita sai ya miƙe zaune, ya ce a duba mata filogi. So nake in zaga da shi ko sau ɗaya."

Tsohon ya shige ciki, ya fito da tiyon birki sababbi fil a leda.

"Au, ashe akwai!"

"Na tawa motar ne, irin taku ce. Da ƙyar aka samo mini."

"To ita fa?"

"Yara sun sayar da ita bara, wai idona ya yi rauni."

"Shi ne kake cewa mu sayar?"

"Rabu da ni, baki ne kawai. Ki sa bakanike ya fitar da iska kafin ki hau titi. Ranar da za ki zaga da shi kuma, ki biyo ta nan, ki rage gudu. Ina so in ji ƙararta."