Tukunyar da Ba Ta Son Muciya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ranar kasuwar Maigatari na sayi farar tukunyar nan mai santsi, wadda abinci ba ya kamawa. Mai kayan har da rantsuwa, wai fentinta tangaran ne, ba ya ɓarewa. A tuƙin farko muciya ta kankare shi, sai a bakin jikata na ga farin ɓarɓashi. Da na mayar masa, ko kunya babu ya ƙi karɓa, ya ce, "Hajiya, ai ba a tuƙa tuwo a ciki." To mu a Gumel me muke ci, iska?

Don Allah ku gayyato likita ya faɗa mana ko abin da yarinyar nan ta haɗiye zai cutar da ita. Tukunyar kuwa, ko kajina ban yarda su sha ruwa a ciki ba.

Mai sauraronku, Hajiya Binta, Gumel.