Idon Canelo

A bakin kasuwar Masaya, wani tsoho ya ja birki gaban wata mai sayar da ayaba, yana ƙare wa jakinta kallo.

"Baiwar Allah, wannan ba Canelo ba ne? Ni na sayar da shi bara."

"Ni kuma na saya."

"Ai ya kusa makancewa! Duk sabon wata idon ya kumbura, ya yi ta hawaye, ya ƙi rana. Sukari nawa na hura masa a ciki!"

"Sukari? Kofi ne idon? Likitan dabbobi ya duba, ya ba ni maganin ɗigawa. Da ya fara runtse ido sai in ɗaure shi a inuwa, in ɗiga masa. Ciwon yana dawowa, lallaɓa shi ake yi."

"Har da wata hular kaba kika ɗora masa! A wurina bai ga wannan gatan ba, kuma bai mutu ba. Ni na raine shi, muryata kawai zai ji. Canelo! Zo nan!"

Jakin ya motsa kunne ɗaya, ya cusa kansa a hammatar matar.

"Har yanzu ba ya gani sosai," in ji tsohon.

"Ya gan ka sarai, Baba."