Yadda Na Ba da Labarin Dutse

Bazarar da na bar aikin kaji, wani tsohon likitan haƙori a Pleasant Garden, Mista Gari, ya ɗauke ni mai dafa abinci a jirginsa na ruwa. Gary ne sunan, amma bakina bai taɓa zuwa can ba. Kafin mu tashi na zaga unguwarmu, Glenwood, gida-gida ina sallama, na ce ni da fiɗar kaji har abada. Ku riƙe wannan, yara, domin shi ya sa ban iya dawowa hannu sake ba.

Ni mutumin Maraɗi ne, ruwan da na sani gulbi ne, shi ma rabin shekara yashi ne. Shi kuwa jirgin nan da iska yake tafiya, an ɗaura masa zani fari kamar na shanya. Iskar Bahamas, tsibiran da muka nufa, ba ta da magana ɗaya. Da safe tana bayanka, kafin azahar ta koma gabanka, Mista Gari yana zaginta kamar tana jin Turanci.

A ƙarƙashin ruwan akwai duwatsun murjani. Eh, Nafisa, irin wanda kakarki ke sawa a wuya, sai dai wannan ya kai girman mota kuma yana fasa jirgi. Dole wani ya tsaya a goshin jirgin yana duba ruwa, yana nuna wa mai sitiyari inda suke. Mu biyu ne kawai, don haka ni ne wanin.

Ranar farko na ga dutse na nuna shi yadda aka koya mini a gida, da baki. Na turo leɓe sosai. Mista Gari ƙeyata kawai yake gani. Muka wuce dutsen har ina jin yana gogar fenti.

"Isufu, me ya sa ba ka nuna ba?"

"Na nuna."

"Da me?"

Na juyo na gwada masa. Ya daɗe yana kallon bakina, irin kallon sana'a.

"Daga yau ka yi magana," in ji shi.

Bayan kwanaki iska ta juya mana a wata ƙaramar mashiga, jirgin ya ɗauki gudu. Na hango baƙin dutse gabanmu, ƙato.

"Yaya gaba?" ya ɗaga murya.

To, a wurinmu ba a jefa wa dattijo mugun labari kamar bulo. Mutumin ya haura saba'in, yana shan maganin hawan jini.

"Lafiya lau," na ce.

"Madalla."

"Sai dai akwai 'yar magana."

"Wace magana?"

"Ba wani abin tashin hankali ba ne, maigida. Ka san komai na Allah..."

Sauran maganar, dutsen ne ya faɗa masa. Tukunyar wake ta wuce ni ta shiga teku. Ba wanda ya ji ciwo, amma jirgin ya hau ya zauna, ya karkata gefe kamar jakin da ya ƙi tafiya.

Bari dariya, Abdul. Kai da ka faɗa wa uwarka ka fasa mota ta saƙon tes a waya, ba ko sallama.

Masu janwe suka kai mu gaɓa. Mista Gari ya sallame ni tun muna jiƙe. Amma da maraice ya zo ya same ni, yana juya waya a hannu. Ashe da kuɗin gadon matarsa aka sayi jirgin.

"Isufu, wannan abin da ka yi mini, na lafiya lau. Za ka iya yi wa Madam?"

Ya biya mini jirgin sama da bas. Na sauka a tashar Downtown, a tsakiyar gari, na wuce Pleasant Garden kai tsaye, ban bi ta Glenwood ba. Na gaishe da Madam. Na tambayi karnuka, na tambayi ƙafarta, na tambayi 'yarta da ke Charlotte. Ta kawo shayi mai ƙanƙara na sha. Na ce Mista Gari yana gaisuwa, yana cin abinci sosai.

"Jirgin fa?"

"Ba ya jin daɗi kaɗan."

"Kaɗan yaya?"

"Jikin ya yi tsanani, Madam."

"Ya nutse?"

"Bai nutse ba. Ya zauna."

"Zai sake tashi?"

"Sai dai mu yi haƙuri."

Ta kalli taga. Sannan ta tashi ta yanko mini kek, babban yanki, ta tambaye ni ko na iya tuƙa injin yankan ciyawa. Na ce na iya. Ta ce in fara ran Litinin.