Liman da Robar Fitsari

A tashar Gwarzo, motar Kano ta ƙi cika. Wani dattijo ya kasa zama, sai fita yake yana dawowa, saurayin da ke gefensa ya tanka.

"Baba, lafiya kake ta zagawa?"

"Fitsari ne, yaro, sai ɗigo-ɗigo. Likita ya ce hanyar ta tsuke, tun faɗuwar da na yi a kan ƙarfen keke."

"Ai a Kano buɗawa suke yi, ko su yi aiki. Kawuna ma robar fitsari aka sa masa."

"Robar nake tsoro. Ni ne limamin unguwarmu a Durun. Da jakar fitsari zan ja salla? Gara in koma gida."

"To yanzu wa yake ja?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Na'ibina, tun azumi."

"Ashe ba robar ce ta hana ka ba, Baba. Shiga mu tafi."